Baƙona ba ya cin nama, ina zan kai shi a Kano?

Nasiru Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Kamfaninmu ya kawo wani injiniya daga Indiya zai haɗa mana sabbin injina, an ɗora min ɗawainiyar abincinsa. Mutumin ba ya cin nama, ba ya cin kifi, ba ya cin ƙwai. Madara da man shanu kam yana amfani da su. Jiya na kai shi wani babban gidan abinci, na yi wa yarinyar da ke kawo abinci bayani dalla-dalla cewa kada a sa nama. Aka kawo soyayyiyar shinkafa, yana juya cokali sai ga 'yan guntayen hanta. Na mayar, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ga ɗan ƙashi kwance a gindin kwano. Bawan Allah bai ce uffan ba, shayi kawai ya nema. Wallahi kunya ta kama ni. A ce duk faɗin Kano a rasa inda za a ciyar da baƙo? Wanda ya san wuri ko dabara ya taimaka.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Nasiru ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Maigidana, likita ya ce masa ya yi nesa da jan nama da kayan ciki saboda ciwon gaɓoɓi, tun daga nan fita cin abinci ta zame mana wahala. Da ka ce ba nama, abin da suke yi shi ne su tsame tsokar su miƙo maka miyar. Su a wurinsu sun cika umarni.

Bala Fagge:
Ni fa abin nan bai shige ni ba. Mutum ya zo garin tsire da balangu da kilishi, ya ce ba ya cin nama, kuma mu ne za mu ji kunya? A al'adarmu idan baƙo mai daraja ya sauka, kaza ake kamawa ko a kayar da rago. Ka ajiye wa baƙo wake da mai, gobe a ce ka raina shi. Shi ya kamata ya saba da namu.

Aminu Gwale:
Yaya Bala, ba iyayi ba ne. A Indiya na yi karatu, na zauna da su. Da yawansu tun da aka haife su tsoka ba ta taɓa shiga bakinsu ba, haka iyayensu da kakanninsu. Abin addini ne da gado, musamman mutanen Gujarat da Rajasthan. Ba duk Indiyawa ba ne, don mutanen Kerala da Bengal kifi suke ci sosai, Musulminsu kuma suna cin nama kamar mu. Amma wanda ba ya ci, to ko cokalin da ya taɓa nama ba ya so a sa masa a kwano. A can doka ce duk abincin da aka ƙunshe a leda ko gwangwani sai an buga masa alama: koren ɗigo a cikin koren akwati idan babu nama a ciki, alama ruwan ƙasa idan akwai. Akwai gidajen abinci barkatai da nama ba ya shiga kicin ɗinsu kwata-kwata. Mu ɗalibai Musulmi can muka fi zuwa, saboda hankalinka a kwance yake, ba ka tunanin wa ya yanka, da sunan wa aka yanka. Yadda muka samu sauƙi a garinsu, ya kamata shi ma ya samu a namu.

Nasiru, abu ɗaya za ka fara tambayarsa: yana cin albasa da tafarnuwa da dankali? Idan mabiyin addinin Jain ne, ba sa cin abin da aka tono daga ƙasa, to aikin ya ƙaru.

Nasiru Sharaɗa:
Na tambaye shi yanzu. Yana cin albasa da dankali, alhamdu lillahi. Daga Gujarat yake kamar yadda ka ce.

Hajiya Balaraba:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, bari in sa baki tunda sana'ata ce, na daɗe ina sayar da abinci. Ɗana Nasiru, kada ka ga laifin yarinyar nan da yawa. Bari in gaya muku yadda kicin yake.

Da asuba abin da ake fara ɗorawa a wuta nama ne. A tafasa na saniya, a tafasa kaji, a tsame, a soya. Ruwan da ya rage, wato romon, shi ne jarin ranar. Da shi ake dafa jalof, da shi ake yin soyayyiyar shinkafa, da shi ake haɗa miyar ja, a ɗiba a zuba a taushe da kuka da kuɓewa. Man da aka soya kaza a ciki ba a zubarwa, da shi za a soya dankali da ayaba. Miyar agushi da alale kuma sai an sa kirifish. To ka ga kafin ƙarfe goma na safe babu tukunyar da nama bai ratsa ba. In ka zo da azahar ka ce ba ka son nama, me yarinya za ta yi? Iyakarta ta tsame wanda ido ke gani.

Sannan gaskiya ribarmu a kan nama take. Malmalar tuwo da miya kusan kuɗinka kake mayarwa, a yankan nama ake samun ɗan abin da ake samu. Shi ya sa mai gidan abinci ba ya ɗokin wanda zai ce a ba shi ba nama.

Amma a ce ba za a iya ba, wannan ba gaskiya ba ne. Iyayenmu da me suka yi miya? Daddawa ce, da albasa, da barkono, da ɗan man shanu a kai. Taushe in ta samu kabewa mai kyau da gyaɗa da alayyafo da 'yar yakuwa, wallahi ba ta neman ƙashi. Sai dai a faɗa tun da wuri, tun daren jiya, a ware tukunya da ludayi daban.

Maman Khalifa:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Yau na gane dalilin da ƙafar maigidan ke tashi ko da shinkafa kawai ya ci a waje. Ashe romon yake sha.

Ummi Zariya:
Ni abin da ke ba ni mamaki, abincinmu na gida da na bakin titi rabinsa babu nama. Ɗan wake, garau-garau, dambu, kwaɗon zogale, kwaɗon rama, ƙosai da koko, awara, gurasa bandashe, waina da ƙuli, tubani, fura da nono, kunun gyaɗa. Amma da ka shiga wurin da aka sa na'urar sanyaya ɗaki aka miƙo maka takardar abinci, duk sun ɓace. Sai shinkafa da kaza, shinkafa da kifi, shawarma, farfesu. In ma ka ga ɗan wake, an jibga masa soyayyiyar kaza a gefe don kuɗin ya hau.

Bala Fagge:
To ai kin faɗi dalili da bakinki. Wa zai sa shadda ya ɗauki iyali ya je gidan abinci don ya ci garau-garau? Wannan a gida ake cin sa ranar da aljihu ya yi sanyi. Mutum ya fita ne don ya ci abin da ba ya samu kullum. Yau talaka sai ya yi wata bai ga tsoka a miyarsa ba, ku kuna maganar a bar nama. Ku tambayi mai iyali nawa kilo yake yanzu. Wannan magana ce ta waɗanda suka ƙoshi.

Ummi Zariya:
Malam Bala, babu wanda ya ce a bar nama. Cewa muka yi wanda ba ya ci, ko likita ya hana shi, ya samu abin da zai ci da mutunci. Kuma wannan tunanin na cewa abinci marar nama na ranar babu ne, shi ne ya jawo muke raina namu.

Zainab Wuse:
Ummi kin yi gaskiya. Ku zo Abuja ku gani. A wuraren shan kofi na Wuse 2 da Maitama za a yanka maka latas da kokwamba da fiya, a barbaɗa 'yan ƙwayoyi, a ba shi suna na Turanci, ka biya kuɗin da zai ciyar da gida guda. Mutane suna saya suna ɗaukar hoto. Kwaɗon zogale da ƙuli da tumatir da albasa ya fi shi riƙe ciki nesa ba kusa ba, amma sai ka fita wajen masu talla a bakin masallaci ko tasha kafin ka samu. Na taɓa tambayar wani mai irin wurin nan me ya hana shi sa zogale, ya ce kwastomominsa ba za su biya ba. Ni kuma na ce bai gwada ba ne.

Nasiru, ka kula da salak ɗin gidan abinci, yawanci da mayonis ake haɗa shi, shi kuwa da ƙwai ake yi. Haka kek da su donat. Wani burodin ma ana sa masa ƙwai.

Nasiru Sharaɗa:
Ikon Allah. Ban taɓa kawo mayonis a raina ba. Na gode Anti Zainab.

Sadiq Bompai:
Mafita mafi sauri: ka kai shi gidan abincin 'yan Labanan. Sun fi shekara ɗari a Kano, kuma akwai wurarensu ta wajen Nassarawa da Bompai. Abincinsu na buɗe ciki kusan duk babu nama: hummus, falafel, tabbule, fattush, da wanda ake yi da gasasshen yalo. A haɗa masa da burodinsu mai faɗi, ya ƙoshi. Ka dai ce kada a ɗora niƙaƙƙen nama a kan hummus ɗin, don wasu suna yi, kuma ka tambaya ko man da ake soya falafel daban yake da na kaza. Sannan ka tambayi Indiyawan da ke aiki a kamfanonin Sharaɗa da Challawa, sun san inda suke sayen kayan miyarsu da inda ake dafa musu irin nasu.

Aminu Gwale:
Haka ne Sadiq, amma ni da zai ji tawa, kada ya tsare shi a kan abincin Larabawa da na ƙasarsu kaɗai. Mutum ya zo Kano ya koma bai ɗanɗana komai namu ba? Ka ba shi waina. Suna da wani abu a kudancin ƙasarsu, idli, da ƙullun shinkafa ake yi a bar shi ya kwana ya tashi, kusan hanyar wainarmu. Ka ba shi da ƙuli-ƙuli ko da zuma. Fura da nono kuwa ba sai an yi masa bayani ba, mutanen nono ne. Shinkafa da wake da mai da yaji, cin yau da kullum ne a wurinsu, nasu waken ne kawai daban.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Nijeriya. Nan wajenmu dambu da zogale ba abin kunya ba ne ko kaɗan. A Yamai ma'aikata da manyan motoci suna tsayawa wurin mata masu kopto, wato zogale da aka kwaɗa da tunkuza, su saya su tafi da shi ofis. Ban ga wanda ya ce abincin talaka ne ba. In baƙonku zai biyo ta nan, ba zai kwana da yunwa ba.

Fusaina Kumasi:
Mu ma a Zongo muna da waakye, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi, ga koko da ƙosai da safe. Sai dai wanda ba ya cin kifi ya kiyayi shito, baƙin yajin nan da ake zubawa a kai, da busasshen kifi da jatan lande ake soya shi. Mutane da yawa ba su sani ba.

Bala Fagge:
Duk na ji. Amma ina Malam Tijjani? A gaya mana, abin da Allah ya halatta, har ya sa muka yi layya da shi, daidai ne mutum ya ce ya bar shi? Don yanzu ina ganin 'ya'yanmu ma sun fara kwaikwayo a intanet, yarinya ta ce ita ta daina cin nama.

Malam Tijjani:
Malam Bala, tambayarka tana kan hanya, amma abu biyu ne a nan, kada a cakuɗa su.

Na farko, mutum ya ce nama haram ne, ko ya bar shi da nufin neman kusanci ga Allah. Wannan ba ya halatta ga Musulmi. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 87, kada mu haramta abubuwa masu daɗi da ya halatta mana. Kuma a cikin Sahihu Muslim an kawo wasu da suka so tsananta wa kansu, ɗayansu ya ce ba zai ci nama ba, Annabi sallallahu alaihi wa sallam bai yarda da hakan ba.

Na biyu, mutum ya bar shi don ransa ba ya so, ko don lafiyarsa. Wannan babu komai. An kawo wa Annabi gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haram ne, ya ce a'a, sai dai ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Imamu Malik ma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi gargaɗi a kan yawan cin nama saboda sabon da yake sawa.

Shi kuwa wannan baƙo ba Musulmi ba ne, ba a kanmu yake mu tilasta masa ba. Abin da ke kanmu shi ne girmama baƙo, kuma girmamawa ita ce ka ba shi abin da zai iya ci. Sannan ina jan hankalin masu sayar da abinci: wanda ya tambaye ka ko akwai nama, ka san da romo aka yi, ka ce babu don kada ciniki ya wuce ka, wannan ha'inci ne. Mu da muke zuwa ƙasashen waje muna tambaya ko akwai alade, yaya za mu ji idan aka tsame aka ce mana babu?

Bala Fagge:
Na karɓi wannan Malam. Maganar ha'inci gaskiya ce. Amma ina nan a kan bakana game da yaranmu, yaro mai tasowa yana buƙatar nama.

Likita Hauwa:
Malam Bala, akwai ƙamshin gaskiya a damuwarka, bari in fayyace. Wanda ya bar nama amma yana shan madara da nono, ko yana cin ƙwai, yana kuma cin wake da gyaɗa da waken suya, jikinsa zai samu abin gina jiki isasshe. Hatsi da wake idan suka haɗu suna cike wa juna giɓi, shi ya sa shinkafa da wake ko ƙosai da koko abinci ne na ƙwarai. Inda matsala take shi ne wanda ya bar duk abin da ya fito daga dabba, har madara. Wannan sai ya sha ƙwayar bitamin B12, don ba a samun sa a ganye da hatsi, kuma rashinsa yana kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. 'Yan mata da masu ciki kuma a kula da ƙarancin jini. Su rage shan shayi a kan abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Su matsa lemon tsami a kwaɗo ko su sha lemon zaƙi bayan wake, yana taimakawa.

Maman Khalifa, ga mai ciwon gaɓoɓi irin na maigidanki, romon nama da farfesun kayan ciki suna cikin abin da ke tayar da shi, haka lemon kwalba mai sukari. Ya riƙa shan ruwa da yawa, ya kuma ci gaba da maganinsa.

Wani abu da nake so kowa ya riƙe: cire nama ba shi ne lafiya ba kai tsaye. Awara da aka tsoma a mai, soyayyen dankali, taliyar leda, duk babu tsoka amma ga mai ga gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, mu kuwa ga gishiri ga dunƙule ga kanwa a ɗan wake. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya mayar da ɗan wake abincin kullum. Ɗanyen ganye kuma a waje, a tabbatar wurin yana wanke shi da kyau, musamman ga baƙon da cikinsa bai saba da ruwanmu ba. Gara a ba shi dafaffe.

Maman Khalifa:
Na gode Likita, Allah ya ƙara basira. Lemon kwalban nan kuwa yana sha, yau zan gaya masa.

Ummi Zariya:
Tunda Likita ta ambaci dunƙule, shi ma abin dubawa ne. Akwai mai ɗanɗanon kaza, akwai na kirifish. Kuma masu yajin ƙuli da yajin ɗan wake suna daka shi a ciki. Haka garin da ke cikin taliyar leda. Awara ma wasu suna tsoma ta a ruwan ƙwai kafin su soya, ɗan wake kuma a yanka masa dafaffen ƙwai a kai. Nasiru sai ka tsaya a kan mai sayarwa ka gani da idonka.

Nasiru Sharaɗa:
Kai, abin da yawa. Yanzu dai na rubuta: romo, kirifish, man da aka soya nama, mayonis, dunƙule, ƙwai a awara. Gobe da rana zan gwada wurin 'yan Labanan, da safe kuma waina da fura. Hajiya Balaraba, idan na yi miki magana ta akwatin sirri za ki iya yi mana tuwo da taushe irin wanda kika faɗa? Ina so ya ci tuwo ko sau ɗaya ne.

Hajiya Balaraba:
Me zai hana ɗana. Ka turo min tun yau da dare. Zan sa a sayo kabewa da alayyafo a 'Yankaba da sassafe, in yi da daddawa da gyaɗa da man shanu, ba dunƙule ko ɗaya. Ka tambaye shi ko yana jure warin daddawa, don wasu baƙin ba sa so, in haka ne sai in rage ta in ƙara albasa da citta.

Zainab Wuse:
Hajiya, me zai hana ki mayar da shi abin kullum? Tukunya ɗaya marar nama, ki rubuta a allo. Masu hawan jini da masu ciwon gaɓoɓi kaɗai sun ishe ki ciniki.

Hajiya Balaraba:
'Yata, gas da tsada, kuma miyar da babu mai saya asara ce, taushe ba ta kwana. Kullum dai ba zan iya alkawari ba. Amma in mutum goma a nan za su tsaya min, zan ware ranar Asabar: taushe marar nama, dambu da zogale, da ɗan wake. Wanda yake so ya faɗa kafin Juma'a da yamma don in san yawan da zan auna.

Maman Khalifa:
Ki sa mu, kwano biyu. Na maigidan a rage gishiri don Allah.

Sadiq Bompai:
Ni ma ɗaya, dambu. Hajiya ana zuwa ɗauka ne ko kina da mai kaiwa?

Hajiya Balaraba:
Akwai yaro mai babur, amma cikin gari kawai yake kaiwa, kuɗin mai a kanka. Na nesa sai dai ya aiko, kuma ya zo da kularsa.